Yadda 'yan Koriya ke haɗa bidiyon waƙa, da yadda kai ma zaka gwada da abin da ke hannunka

Duk wanda ya taɓa zama ya kalli bidiyon K-pop, wato waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu, ko da baya jin kalma ɗaya ta yaren Koriya ya san abin da nake nufi, minti uku da 'yan kai ne amma idonka baya samun hutu, kafin ka gama kallon rigar wannan an canza ɗaki, kafin ka gane ɗakin an dawo kan fuskar wata, kuma duk wannan gudun da ake baka ruɗewa, ka san waye ke waƙa ka san inda amshi yake. Mutane sai suce ai kuɗi ne, ai kyamara ce mai tsada irin ARRI ko RED. Kuɗi kam akwai ba musu, kamfanoni irin su SM da JYP da YG da HYBE ba ƙananan kuɗi suke zubawa ba. Amma a 2023 da wayar iPhone 14 Pro aka ɗauki bidiyon waƙar ETA ta ƙungiyar NewJeans, kuma ba wanda ya kalla yace wannan ba K-pop bane. Toh kaga ba a kyamarar abin yake ba. Abin da suke yi shine waƙa ɗaya a ɗauke ta sau da yawa, a wurare daban, da kaya daban, amma rawa ɗaya tak ba a canza ko motsin yatsa, sannan a zo wajen editin a riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan a kan bugun kiɗa. In ka gane wannan, sauran duk bayani ne.

Ka fara da takarda da biro, kyamara ta jira tukun. Ka kunna waƙar ka rubuta sassanta da sakan ɗinsu, daga nan zuwa nan shimfiɗa, daga nan zuwa nan baitin farko kuma wane ne ke yi, nan amshi, nan kiɗa zalla inda za a yi rawa mai zafi, nan inda kiɗan ke lafawa. A ƙungiyar K-pop mutum huɗu ne ko bakwai ko tara wani lokacin har sha uku, kuma kowa an yanka masa layinsa, don haka takardar nan ita ke gaya maka fuskar wa kyamara zata nema a kowane sakan. Bayan nan sai ka zaɓi abin da suke kira kwansef, wato duniyar da bidiyon zai zauna a ciki. Kada ka wahalar da kanka da dogon labari, jimla ɗaya ta isa. Gee na Girls' Generation a 2009, 'yan tsanan shagon kaya ne suke tashi su yi rawa in an kulle shago, shikenan. Dynamite na BTS a 2020, zamanin disko ne da launuka masu sanyi da shagon donot da shagon faifai. In ka kasa faɗin kwansef ɗinka a jimla ɗaya toh baka gama tunani ba.

Sai rawa, kuma nan ne mutane ke raina abin. Kusan kowace waƙa tasu tana da motsi ɗaya a amshi wanda aka ƙirƙira musamman don yaro ma ya iya kwaikwaya, sukuwar doki ta Gangnam Style wanda ya zama bidiyo na farko da ya kai kallo biliyan ɗaya a YouTube a Disambar 2012, murza tafin hannu na Sorry Sorry ɗin Super Junior, yatsu a ƙarƙashin ido kamar hawaye na TT ɗin TWICE. Ka lura yawancinsu a kusa da fuska ko ƙirji ake yinsu, ba a ƙafa ba, saboda ko kyamara ta matso kusa motsin yana cikin hoto. Ka nemi naka motsin tun kafin ranar shutin, a yi ta maimaitawa har kowa ya iya shi ido rufe, kuma a ɗauki atisayen da waya daga gaba a ajiye, don da shi zaka tsara inda kyamara zata bi.

Wurin ɗauka kuwa, yawancin abin da kake gani ba gidajen gaske bane, ginawa ake a manyan situdiyo a wajen birnin Seoul a lardin Gyeonggi, a yi kwana biyu ko uku ana ɗauka har dare ya raba, a rushe. Kai ba sai ka gina gari ba. Wuri uku sun ishe ka in sun bambanta da juna sosai. Ɗaya mai faɗi na rawa wanda ƙasansa ke da sumul, ɗaya ƙarami na fuska, ɗaya kuma wanda zai zama abin tunawa. Na ukun nan ka kashe masa tunani, shine hoton da mutum zai tuna bayan sati, irin Jennie zaune a kan tankar yaƙi mai ƙyalƙyali a DDU-DU DDU-DU na BLACKPINK a 2018, sakan kaɗan ne amma har yau shi ake tunawa. Kowane wuri a bashi launinsa, in na rawa shuɗi ne na fuska ya zama ruwan hoda ko ruwan ɗorawa, don idan an yi kot, wato an yanka daga wannan zuwa wancan, ido ya ji an canza. Bango ɗaya ma in ka canza masa labule da fitila ya zama wuri biyu.

Yanzu ɗaukar kanta. A wurin rawa ka fara da hoto mai faɗi, kyamara a tsakiya daidai, kowa ya fito tun daga kai har ƙafa, a yi waƙar daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Wannan shine madogararka, duk inda editin ya cije nan zaka dawo. Sai a sake, wannan karon kyamara na motsi. Sai a sake daga ƙasa, mai kyamara ya durƙusa lens mai faɗi yana kallon sama, wannan ne ke sa ƙafafu su yi tsawo mutum ya cika hoto. Sai a sake daga gefe. Sai kowa ya je ya canza kaya a koma wani wurin a sake duk wannan daga farko. Eh da gajiya wallahi, masu rawa zasu tsine maka a zuci, ka tanadi ruwa da tawul da mai gyara kwalliya a kusa don gumi na ɓata hoda. Amma kada ka yarda wani ya rage ƙarfi a ɗauka ta shida, ko ya ɗaga hannun hagu inda da dama ya ɗaga, don in motsin bai zo ɗaya ba haɗin da zamu yi a editin ba zai zauna ba. Ka manna salatif a ƙasa inda kowa zai tsaya, inda kyamara take ma ka sa alama, kuma ka auna tsayinta ka rubuta.

Motsin kyamara shine abin da ya fi bambanta su da sauran, kuma gaskiya shine ya fi daɗin koya. Mai kyamara a wajensu kusan ɗan rawa ne, ya haddace waƙar ya haddace rawar, ya san a bugu na huɗu wanda ke tsakiya zai sunkuya na bayansa ya bayyana, don haka kafin ya bayyana kyamara ta riga ta kama hanya. Ga abin da zaka gwada da jimbal, wato mariƙin da ke hana kyamara girgiza, ko ma da hannu in hannunka baya rawa. Idan amshi zai faɗo, ka ja baya a hankali lokacin da kiɗa ke taruwa, sai ka kutsa gaba da sauri daidai kan bugun farko. Idan masu rawa suka watsa hannu dama, ka ɗan karkata kyamara dama tare dasu ka dawo. Idan suka buga ƙafa a ƙasa ka ɗan girgiza ta sau ɗaya, sau ɗaya fa, ba ka mai da ita girgizar ƙasa ba. Idan layi ya tashi daga bakin wannan zuwa bakin wancan, maimakon kot sai ka wulwula kyamara da sauri daga fuska zuwa fuska. Manyan kamfanoni suna da hannun mutum-mutumi da kwamfuta ke tuƙawa wanda zai maimaita motsi ɗaya sau goma ba kuskure, da kuma doguwar sandar nan mai ɗaga kyamara sama, amma tafiya da gwiwa a lanƙwashe da taka dunduniya a hankali na yin rabin aikin. In kana son ganin iyakar abin ka nemi Growl na EXO na 2013, mutum goma sha biyu a cikin wani sito, an yi shi kamar ɗauka ɗaya ba yankewa, kyamara na zagayawa wasu na fita ta bayanta wasu na shigowa. Ka kalle shi sau ɗaya don daɗi, ka sake kallo kana tambayar kanka ina sauran suka ɓuya a wannan sakan ɗin.

Hoton fuska daban ake ɗaukarsa, mutum ɗaya ɗaya. A zaunar da shi a ƙaramin wurin nan, a kunna waƙar duka ba layinsa kaɗai ba, ya yi ta bin waƙar da baki yana wasa da kyamara, ya kalli gefe ya juyo, ya ɗaga gira, ya taɓa gashi, ya yi murmushi ya ɗauke. Daga minti uku ɗin nan wataƙila sakan goma zaka ɗauka amma sune zasu sa a so shi. 'Yan Koriya sun ɗauki wannan da muhimmanci har a shirye-shiryen talabijin na mako irin su Music Bank da Inkigayo da M Countdown, in waƙa ta ƙare kyamara kan tsaya a fuskar mutum ɗaya yana haki yana kallonta na 'yan sakanni, kuma suna atisayen wannan kallon. Ka gaya ma naka mawaƙin ya rera da murya sosai lokacin ɗauka, kada ya motsa leɓe kawai, jijiyar wuya bata ƙarya.

Saitin kyamara a taƙaice. Firem 24 ko 25 a sakan, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a sakan ɗaya, don hoto ya yi kama da fim, gudun shota (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) ya ninka firem, wato in 25 ne ka sa 1/50. A nan akwai abin lura, wutar Koriya ta Kudu 60 take bugawa a sakan, tamu ta Najeriya da Nijar 50 ce, don haka in ka kwafi saitin 30 ko 60 daga wani bidiyon koyarwa kana ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki sai kaga hoto na ƙifta ido ko wasu layuka na gangarowa. Ka zauna a 25 ko 50, a iPhone sai ka shiga saitin kyamara ka kunna zaɓin da aka rubuta PAL kafin 25 ya bayyana. In janareta ne ma ka gwada tukun ka duba a allo don ba kullum yake tafiya daidai ba. Silo moshin kuma, irin wanda gashi ke tashi a hankali amma baki na tafiya daidai da waƙa, dabara ce mai sauƙi, ka ninka saurin waƙar sau biyu ka kunna masa ya bi ta a haka, ka ɗauka a firem 50, in ka mayar 25 a editin jiki ya yi sanyi baki ya zauna daram. A wurin da waƙa ta lafa ake yi, kada ka gwada da rap sai dai in dariya kake nema.

Haske. Fuska 'yan Koriya suna haska ta da babbar fitila mai laushi daga gaba sama kaɗan da ido, da wani farin abu a ƙasa yana mayar da haske ya kashe inuwar haɓa da ƙasan ido, shi yasa kake ganin ɗigon haske a ƙwayar idonsu. Bayan mutum kuma a sa wata fitilar ta zana gefen gashi da kafaɗa ta raba shi da bango, bango a watsa masa launi, a ɗan saki hayaƙi don hasken ya fito a iska. Farin zanin gado a gaban fitila yana laushin haske, farin kwali yana mayarwa. Sai dai ka sani wannan tsarin an gina shi ne a kan farar fata, kuma suna ƙara mata haske har ta kusa wankewa. In ka yi ma baƙar fata haka toka toka zata fito, mutum kamar ya yi rashin lafiya. Fatarmu sheƙi take so, ka matso da fitila mai faɗi kusa ka ɗan kawo ta gefe, a shafa mai kaɗan a kumatu da goshi kada hoda ta kashe komai, ka ƙarfafa fitilar baya. Shuɗi da shunayya da ruwan zinare suna kwanciya a baƙar fata fiye da yadda suke yi a tasu ma, wannan riba ce gare mu. Ni dai duk bidiyon da naga an wanke mutum a kwamfuta har wuyansa da fuskarsa sun zama ƙabila biyu, rufewa nake.

Kaya da kwalliya aikinsu biyu, su haɗa ƙungiya su kuma raba mutane. Kamar ankon biki ne, yadi ɗaya amma kowa da ɗinkinsa, wannan jaket wancan riga mai dogon hannu waccan siket, launi biyu ko uku ne ke yawo a jikin kowa. Rina gashi da suke yi ma ba gayu bane kawai, in mutum tara na gudu a hoto sabon mai kallo ba sunan kowa ya sani ba, amma zai ce mai jan gashin nan, mai farin gashin nan. Kai ba dole ka rina ma kowa kai ba, hula ko ɗankwali ko tabarau ko sarƙa na yin wannan aikin, a dai bar ma kowa alamarsa har ƙarshen bidiyo. Ka zaɓi kaya masu motsi, geza, igiyoyi, riga mai faɗi, mayafi, duk abin da zai ci gaba da lilo bayan jiki ya tsaya yana ƙara ma rawa girma. A sa kayan a yi rawar dasu tun kafin ranar, don wando na yagewa ɗankunne na kama gashi. Ka guji yadi mai ƙananan layuka a matse, a kyamara rawa suke yi su ɗauke ido. Kwalliyar ido suna sa ƙyalli a ƙasan ido da 'yan duwatsu masu manne, jan baki ya fi kauri a tsakiyar leɓe ya baje zuwa gefe, mazan ma ana musu kwalliya don fitila bata san namiji ba. Kuma ba sai ka kwafi gajerun kayansu ba in basu dace da kai ko masu kallonka ba, su ma nasu na gargajiya suke ɗauka su sabunta, BLACKPINK sun sa hanbok da aka yi ma sabon ɗinki a How You Like That a 2020, BTS kuma a IDOL na 2018 bayan hanbok har kwat na yadi mai zanen atamfa suka sa. Atamfar da ke cikin akwatin gidanku.

Toh mun zo editin, inda duk wahalar can zata biya. Ko manhajar Premiere Pro ce ko DaVinci Resolve ko CapCut tsarin ɗaya ne. Ka ɗora waƙar a ƙasa ka kulle ta. Ka jera duk ɗaukar da ka yi a samanta ɗaya kan ɗaya, kowanne ka daidaita shi da sautin waƙar da kyamara ta kama a wurin, shi yasa ba a kashe makirfon lokacin shutin, kuma in ka sa ƙara huɗu tit tit tit tit a farkon waƙar da kake kunnawa daidaitawar zata zo da sauƙi. Sai ka bi waƙar kana sa alama a kan kowane bugu. Lissafin ba wuya, waƙa mai bugu 120 a minti tana bugu biyu a sakan, a firem 24 kowane bugu firem 12 kenan. Yanzu duk sakan da ka tsaya kana da hoto takwas ko goma da zaka zaɓa, duk suna wuri ɗaya a waƙar.

Ga haɗin da na ce. Mai rawa ya fara juyi da farin kaya a ɗaki shuɗi, yana tsakiyar juyin ka yanka, ya ƙarasa da jan kaya a wani wurin. Tunda girmansa a hoto ɗaya ne kuma motsin bai katse ba, ido bin motsin yake, sai kawai yaga duniya ta canza. A tsakiyar motsi ake yankawa inda ya fi sauri, ba bayan ya tsaya ba. In girman bai zo daidai ba ka ɗan zuƙo hoton har kawunan su hau kan juna, shi yasa ɗauka a babban hoto na 4K ke da amfani ko da a ƙarami na 1080 zaka fitar. Haka in wani ya wuce ta gaban kyamara ya rufe ta, ko hannu ya share ta, wannan ƙofa ce ta shiga wani wurin kyauta.

Kada ka yanka a kan kowane bugu daga farko har ƙarshe, mai kallo zai gaji a minti ɗaya. Baiti a bar hoto ya numfasa, sakan biyu ko uku, fuska ta yi magana. Gab da amshi a riƙa gajartawa. Amshin farko kuma, nan editoci da yawa ke ɓata aiki, ka koma hoto mai faɗi ka bar motsin nan na musamman ya fito cikakke ba yanka, don mutane su gani su koya, a amshi na biyu da na uku ka yi duk haukan da kake so tunda sun riga sun san shi. Wani lokacin ka yanka firem ɗaya ko biyu kafin bugu, sai hoton ya riga kunne isa ya fi faɗowa da ƙarfi. Sauran kayan yaji irin su gudu sannan a rage gudu a motsi ɗaya, walƙiyar fari ta firem biyu, zuƙowa kan bugu, ka zaɓi biyu ka riƙe su, ba duk abin da ke cikin manhaja zaka zuba ba. Kuma dokar takardar farko tana nan, wanda ke waƙa shi ake gani, aƙalla a farkon layinsa.

Launi a ƙarshe ake yi. Ka fara daidaita duk hotunan su zama haske ɗaya fata ɗaya, sannan ka sa salo. Ba kullum sai mai ƙyalli ba, Ditto na NewJeans da ya fito a Disambar 2022 wanda Shin Woo-seok ya bada umarni, da yawansa kamar da tsohuwar kyamarar kaset ta gida aka ɗauka, dishi dishi da rawar hannu, kuma da gangan ne don labarin tuna zamanin makaranta ne. In kayan aikinka basu kai na ƙyalli ba irin wannan hanyar ta fi rufa asiri, sai dai rawa da lokacin yanka su kam ba inda zasu ɓuya.

Kafin a tashi daga wurin shutin, kowa na cikin kaya da kwalliya, ka juya waya a tsaye ka ɗauki amshin kaɗai sau biyu ko uku don TikTok da gajerun bidiyon YouTube, ka ɗauki rawar duka da kyamara a kafe wuri ɗaya don masu son koya, ka yi ma kowa hotuna a kowane wuri. 'Yan Koriya kafin babban bidiyo ya fito sai sun yi kwanaki suna sakin hotuna da tiza, wato ɗan guntun talla na sakan ashirin ko talatin, sannan su saki bidiyon yawanci ƙarfe shida na yamma agogon Seoul, wato goma na safe a Kano. Duk waɗannan ƙananan abubuwan a ranar shutin ake tara su, don in ka bari an wanke fuska an mayar da fitilun haya, sake tara mutanen nan kuɗi ne sabo.